Yadda Zama Ke Kashe Batirin Babur, Da Cajar Da Ke Gadinsa

Babur shi ne dokin ƙaramin ma'aikaci a ƙasar nan tun zamanin ƙarin albashin Udoji na 1975, lokacin da akawuna da malaman makaranta da malaman asibiti suka yi ta sayen Honda da Yamaha da Vespa da kuɗin ariyas. Har ila yau shi ne abin hawan da ke kai dubban ma'aikata ofis, ya kai ɗalibai ɗakin lacca, ya kai yara makaranta da maigida kasuwa. Amma fa babur ɗin yau ya bambanta da na wancan zamani. Na da, ƙafa ce ke tada shi, kuma aikin batirinsa bai wuce kunna sigina da ham ba. Na yanzu kuwa, musamman ƙananan nan da ake kira roba-roba da sauran masu tashi da maɓalli, rabin rayuwarsu na cikin wani ɗan baƙin akwati da ke ɓoye a ƙarƙashin sirdi ko a gefen firam, wanda mai babur ba ya tunawa da shi sai ranar da ya danna maɓalli ya ji shiru.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, batir ya fi lalacewa a lokacin da babur ke ajiye. Ma'aikacin da aka tura kwas na wata uku, da alhajin da ya tafi aikin hajji, da ɗalibin da ya bar babur a ɗakin kwana ya tafi gida hutu, duk sukan dawo su tarar da batirin da suka bari lafiya lau ya mutu. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya isa misali na irin dogon zaman da babu batirin da zai jure shi ba tare da kulawa ba. Ga shi kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowane magidanci na lissafin tafiyarsa, abin hawa kuwa na daɗa yawan kwana a zaure.

ABIN DA KE CIKIN AKWATIN

Batirin da ke cikin yawancin babura irin na darma da asid ne, wanda wani masani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, kuma har yau tushen aikinsa bai sake ba. A cikinsa akwai ɗakuna shida, kowane ɗaki na ɗauke da allunan darma da aka tsoma cikin ruwan asid, watau abin da aka fi sani da ruwan batir. Kowane ɗaki na ba da wuta ta kimanin bolt 2.1, bolt kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin turin wutar lantarki. In aka tara su shida sai a sami kimanin bolt 12.6, wannan shi ne cikakken batirin da ake kira mai bolt 12.

Duk sa'ad da batir ke ba da wuta, asid ɗin na haɗuwa da darmar allunan ya zama wani farin gishiri da masana ke kira salfet na darma. In aka yi caji, gishirin sai ya narke ya koma asid da darma kamar da. Wannan kai-komo shi ne rayuwar batir gaba ɗaya. Matsalar tana farawa ne idan aka bar gishirin ya daɗe a kan allunan. Da farko laushi gare shi kamar gari, caji kaɗan ya ishe shi. Bayan makonni sai ya soma sandarewa yana zama ƙanƙara mai tauri, ya toshe fuskar allo, ta yadda wuta ba ta iya narkar da shi. Kowane ɓangaren allo da ya toshe ya fita daga aiki ke nan, kuma galibi ba ya dawowa. Shi ya sa ake ganin batirin da aka kai wurin caji ya cika cikin ɗan lokaci, amma da an danna maɓalli sau biyu sai ya suma: tulu ne da laka ta cika rabinsa.

Ana iya gane halin da batir ke ciki da 'yar mitar awon wuta irin wadda masu gyaran rediyo ke riƙewa, bayan babur ya huta na wasu sa'o'i. In mita ta nuna bolt 12.6 ko sama da haka, batir a cike yake. In ta nuna 12.4, ya rasa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, kuma daga nan ne gishiri ke fara samun wurin zama. A 12.2 ya kai rabi. In ta sauka zuwa 12.0 ko ƙasa, to batir ya kusa ƙarewa, ko da yake har yanzu zai iya kunna fitila ya ruɗi mai shi. Tazarar da ke tsakanin cikakken batir da wanda ya yi kusan ƙarewa ba ta kai bolt ɗaya ba.

INA WUTAR KE TAFIYA?

Hanyoyi biyu ne wuta ke zurarewa daga babur da ke ajiye. Ta farko daga cikin batirin kanta take. Ko da an cire shi an ajiye a kan kanta babu wata waya a jikinsa, batirin darma na rasa wani kaso na cajinsa kowane wata. A wuri mai sanyin digiri 20 zuwa 25 asarar 'yar kaɗan ce, kashi kaɗan cikin ɗari a wata, kuma irin wanda ake zuba wa ruwa ya fi rufaffe saurin zubarwa. To amma akwai wata ƙa'ida ta ilmin haɗa magunguna da ake dangantawa da Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin, wadda ke nuna cewa duk ƙarin zafi na kimanin digiri 10 na ninka saurin irin wannan aiki. A Kano da Sakkwato da Maiduguri, inda zafin rana a watan Afrilu ke kai digiri 40, har ya zarce haka a cikin rumfar kwano, batir na zubar da cajinsa ninki biyu ko uku na abin da littafin kamfani ya faɗa, domin an yi lissafin littafin ne da yanayin ƙasashe masu sanyi. Zafin kuma na cin allunan, yana ƙafar da ruwan, yana rage shekarun batirin.

Akwai abin lura a nan. Ɓarnar da zafin bazara ya yi ba ta cika bayyana nan take ba, domin zafi na ƙara wa batir kuzari na ɗan lokaci. Sai hunturu ya kama, mai ya yi kauri a cikin injin, sanyin asuba ya rage ƙarfin batir, sa'an nan ne babur zai ƙi tashi. Mai shi sai ya ɗora wa sanyi laifi, alhali kuwa tun watanni shida baya aka yi ta'asar.

Hanya ta biyu ita ce ta kayan da aka ɗaura wa babur. Saboda yawan sata, mutane da dama na sa ƙararrawar tsaro ko na'urar bin sawu, wasu kuma na ƙara wurin cajin wayar hannu. Waɗannan suna shan wuta dare da rana ko da an cire makulli. Batirin ƙaramin babur kuwa ɗan ƙarami ne ƙwarai: abin da yake ɗauka bai wuce amfiya-awa 3 zuwa 7 ba, alhali na mota kan kai 45 zuwa 75. Alal misali, a ɗauki batir mai amfiya-awa 5 da na'urar da ke shan kashi ɗaya cikin ɗari na amfiya. A kwana guda za ta sha kusan rubu'in amfiya-awa, watau cikin kwana goma ta kwashe rabin batirin. Wanda ya tafi sansanin horon masu yi wa ƙasa hidima na mako uku, zai dawo ya tarar da shi wayam.

DABARUN DA BA SU KAI BA

Da yawa daga masu babur sun san da wannan matsala, sai dai maganin da suke yi mata bai cika yin amfani ba. Wanda ya fi yawa shi ne a bar wa ƙane ko ɗa wasiyya ya riƙa tada injin kowace safiya na minti biyar. Gaskiyar magana ita ce sitata na zuƙar wuta mai yawa a cikin 'yan daƙiƙu, injin da ke aiki a tsaye kuwa ba ya juyawa da saurin da zai sa kwayil ya mayar da abin da aka ɗiba. Babur na cajin batirinsa yadda ya kamata ne idan yana tafiya, lokacin da wutar da ke shiga batir ke kaiwa tsakanin bolt 13.5 da 14.5. Saboda haka tadawar minti biyar na iya ɗibar fiye da abin da take zubawa, ga asarar mai. In da hali, tafiyar rabin awa ko fiye sau ɗaya a mako ta fi ta nesa ba kusa ba.

Dabara ta biyu ita ce a jira batir ya mutu sa'an nan a kai shi wurin masu cajin batirin mota. Ƙa'idar da kamfanonin batir suka shimfiɗa ita ce a yi caji da wutar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da batirin ke ɗauka ba. Mai amfiya-awa 5 rabin amfiya yake bukata, na tsawon awa biyar zuwa goma, kuma sau da yawa an rubuta wannan a jikin batirin. Babbar cajar mota kuwa na iya tura amfiya 6 ko 10 ko fiye. Ɗan batirin sai ya yi zafi, ruwansa ya tafasa, allunansa su lanƙwashe, wani lokaci akwatin ya kumbura. Zai tada babur a ranar, amma an yanke masa kwana.

Wasu kan zubar da tsohon ruwan su ɗura sabon asid, wasu su shanya batir a rana, wasu kuma su goga waya a kawunansa biyu don su ga tartsatsi. Sabon asid ba ya narkar da gishirin da ya riga ya sandare, sai ma ya ƙara cin allunan. Rana kuwa, kamar yadda aka bayyana, abokiyar gaba ce. Gwajin tartsatsi kuma kasada ce tsantsa. Haka nan maganar da ake yi cewa ajiye batir a kan siminti na tsotse wutarsa, ta samo asali ne daga zamanin da ake yin akwatinsa da katako ko wata irin roba mai tsatsafo. Akwatin roba na yanzu ba ya zubar da wuta ta ƙasa.

CAJA MAI GADI

Maganin da masu ƙera kayan lantarki suka samar shi ne wata 'yar ƙaramar caja wadda girmanta bai fi sabulun wanki ba, ana iya kiranta caja mai gadi, domin aikinta ke nan. Wutar da take bayarwa ba ta cika wuce amfiya ɗaya ba. Daga cikin sanannunta akwai Battery Tender Junior ta kamfanin Deltran na Amurka mai ba da amfiya 0.75, da CTEK XS 0.8 ta Suwidin, da OptiMate ta kamfanin TecMate, ban da wasu iri-iri da ake shigowa da su daga ƙasar Sin.

Aikinta mataki-mataki ne. Da farko takan auna batirin, sa'an nan ta tura masa wuta daidai gwargwado har ƙarfinsa ya hau zuwa kimanin bolt 14.4. Daga nan sai ta tsaya a kan wannan ƙarfi, wutar da ke shiga tana raguwa da kanta yayin da batir ke ƙoshi. Da ya cika, sai ta sauko zuwa tsakanin bolt 13.2 da 13.8, inda take mayar masa da ɗan abin da yake zubarwa kawai. Wasu irin ma sukan kashe kansu ɗungum, su riƙa leƙawa, sai sun ga ƙarfin ya sauka su sake ba da kaɗan. Ta haka gishiri ba ya samun zaman da zai sandare, ruwa kuma ba ya tafasa.

A nan ne mai saye ya kamata ya buɗe ido, domin akwai wata tsohuwar iri mai kama da ita, wadda ke ɗiga wuta kaɗan-kaɗan ba tare da tsayawa ba. Ita wannan mai ɗigo ba ta san batir ya cika ba. In aka bar ta makonni, wutar da ta wuce kima sai ta koma raba ruwan batir zuwa iska, ruwa ya ƙafe, alluna su fito fili su lalace. Ana iya yin caji da ita na 'yan sa'o'i ana tsaye a kanta, amma ba a tafiya a bar ta. Saboda haka wajibi ne a karanta kwali a tabbatar an rubuta cewa cajar na sauka da kanta zuwa matakin gadi, a kuma gwada ta da mita: bayan kwana guda a jone, in har mita na nuna sama da bolt 14, to ba mai gadi ba ce, ko me aka rubuta a jikinta.

Akwai sauran abubuwa uku na dubawa. Na ɗaya, wutar gidajen Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120, don haka cajar da aka ƙera domin kasuwar Amurka kaɗai, irin wadda ke zuwa cikin kayan gwanjo, za ta ƙone da zarar an jona ta. Na biyu, tsofaffin babura da yawa batirinsu mai bolt 6 ne, ba a sa musu cajar bolt 12. Na uku, akwai sababbin batura marasa nauyi na lithiyam, waɗanda ke da cajarsu ta daban. Cajar darma, musamman mai matakin fasa gishiri da wuta mai ƙarfi, na iya lalata su.

TO, INA WUTAR LANTARKIN?

Mai karatu na iya tambaya, ina amfanin cajar da ake bari a jone a garin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa? Amsar ita ce batirin da ke ajiye ɗan kaɗan yake zubarwa a kwana, don haka ba ya bukatar wuta awa ashirin da huɗu. 'Yan sa'o'in da wuta ke zuwa a mako sun wadatar, muddin cajar irin wadda ke ci gaba da aiki da kanta ce in wuta ta dawo, kuma ba ta tsotse batir in wuta ta ɗauke. Ana gane wannan ta hanyar cire ta daga bango a bar ta manne da batir kwana biyu, a sake aunawa. Abin da take ci kuma bai taka kara ya karya ba: a lokacin da take tsananin aiki bai fi wat 10 zuwa 15 ba, kamar ƙaramin ƙwan fitila, a matakin gadi kuwa ƙasa da haka sosai. Inda wuta ke yawan hauhawa da faɗuwa, ya kyautu a jona ta ta cikin sitabilaiza.

Wanda ke zaune inda babu wuta sam yana da rana. Ɗan faifan sola mai wat 5 na ba da kimanin kashi ɗaya cikin uku na amfiya da tsakar rana, wanda ya ishi batirin babur har ya yi yawa. Don haka tilas ne a sa 'yar na'urar daidaita caji tsakanin faifan da batirin, in ba haka ba ya zama caja mai ɗigo da ba ta tsayawa. Faifan ne ake ɗorawa a rana, babur da batirinsa su zauna a inuwa.

In kuwa babu caja babu sola, akwai abin da ba ya cin ko kwabo. A yi doguwar tafiya da babur ko a cika batirin kafin a ajiye, sa'an nan a kwance wayar baƙin kai, mai alamar ɗebewa, don a yanke duk wani abin da ke shan wuta a ɓoye. A ajiye shi a wuri mafi sanyi a gidan, a kuma sa wani ya kai shi a yi masa caji a hankali duk bayan mako uku ko huɗu a lokacin zafi.

KIYAYE LAFIYA

Batir na fitar da iskar haidirojin lokacin caji, wadda ke kamawa da wuta idan ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar ɗaki. Saboda haka ba a caji a ɗakin kwana ko rufaffen shago, ba a shan taba ko kunna ashana a kusa, ba a kuma yi kusa da jarkar fetur. Ana fara manna jan baki a kan mai alamar tarawa, baƙi a kan mai alamar ɗebewa, sa'an nan a jona a bango. Wajen cirewa kuma a fara da bango. Yawancin cajojin nan na zuwa da 'yar waya mai fis wadda ake ɗaurewa a batir dindindin, bakinta ya leƙo ta gefen sirdi, ta yadda ba sai an kwance komai ba. Duk batirin da ya yi zafin da hannu ba zai jure ba, ko ya kumbura, ko yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, a cire shi nan da nan.

Irin batirin da ke da marufai a sama yana bukatar a duba ruwansa kowane wata, ya tsaya tsakanin layuka biyun da ke jikinsa. In ya ragu, tataccen ruwan da ake sayarwa domin batir kaɗai ake ƙarawa, domin ruwan rijiya da na burtsatse da na leda na ɗauke da ma'adinan da ke ɓata alluna. Rufaffen batir kuwa ba a fasa shi don ƙara komai.

Ya kamata kuma a sani cewa caja mai gadi rigakafi ce, ba ta ta da matacce. Yawancinsu ma ba sa fara aiki in ƙarfin batir ya faɗi ƙasa da bolt 2 ko 3. In kuma batir na yawan mutuwa alhali ana hawan babur kullum, to laifin na iya zama na rektifaya ko kwayil ko wata waya da ta goge, sai a nufi wurin mai gyaran waya ya auna.

Batirin da ya gama aiki ba abin wasan yara ba ne, ba kuma a fasa shi a tsakar gida don a ciri darma. Jama'ar ƙasar nan sun ga illar wannan ƙarfe a 2010, lokacin da gubar darma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje ta hallaka yara fiye da 400 a jihar Zamfara. Darmar batir ita ce dai wannan guba. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta fito da ƙa'idojin kula da batura a ƙarƙashin hukumar NESREA, domin tsara yadda ake tattara tsofaffi da sarrafa su. Abin da ya rage ga mai babur shi ne ya mayar da tsohon batir ga dillali ba tare da ya zubar da ruwansa a kwata ba.

Batirin da ake kula da shi na iya yin shekara biyu zuwa uku ko fiye ko da a wannan yanayi mai zafi, wanda aka bari ya mutu sau biyu ko uku kuwa da wuya ya ga ƙarshen shekara. Ma'aikata da ke zaune a rukunin gidaje ɗaya, ko ɗaliban da ke ɗakin kwana ɗaya, na iya haɗa kuɗi su sayi caja guda da mita guda su riƙa karɓa-karɓa, tun da dare ɗaya a mako ya ishi kowane babur. Kafin a rufe ofis a tafi hutun ƙarshen shekara, ko a kulle ɗaki a tafi gida bayan jarrabawa, ya dace a ɗaga sirdi a auna batir, a yanke shawarar wanda zai kula da shi.